Abin da ya hana Joost maye gurbin akwatin talabijin

A shekarar 2007 ne mutane biyun da suka kafa kamfanin Skype, wato Niklas Zennström ɗan ƙasar Sweden da Janus Friis ɗan ƙasar Denmark, suka fito da Joost, wata manhaja da ake sanyawa a kwamfuta domin kallon shirye-shiryen talabijin kyauta ta intanet.

A wannan shekara kamfanin ya samu jarin dala miliyan 45, kuma Viacom da CBS na Amurka na cikin waɗanda suka zuba kuɗinsu.

Dabarar Joost ita ce duk kwamfutar da ke kallon wani shiri tana kuma miƙa wani ɓangare nasa ga wasu kwamfutocin, abin da ke rage wa kamfanin kuɗin aikawa da hotuna.

To sai dai kafin ƙarshen shekarar 2008 kamfanin ya jingine manhajar ya koma amfani da shafin intanet, sannan a 2009 aka sayar da kadarorinsa ga kamfanin tallace-tallace na Adconion.

Abu na farko da ya kawo masa cikas shi ne wahalar da aka ɗora wa mai kallo. Dole ne ya sauko da manhajar ya sanya ta a kwamfutarsa, alhali YouTube, wanda Google ya saya a 2006, buɗe shafinsa kawai ake yi a fara kallo.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne rashin shirye-shirye masu farin jini. Kamfanonin NBC Universal da News Corporation sun gwammace su kafa nasu dandalin mai suna Hulu, wanda aka buɗe wa jama'a a Amurka a 2008, suka zuba masa sababbin shirye-shiryensu.

Wannan ya nuna cewa wuƙa da nama na hannun masu mallakar shirye-shirye, komai ƙwarewar injiniyoyin da suka tsara hanyar kallo.

Netflix, wanda shi ma ya fara nuna fina-finai ta intanet a 2007, ya kauce wa wannan tarko ta hanyar zuba kuɗi a nasa shirye-shiryen, irin su House of Cards na 2013.

Hasashen masu Joost cewa talabijin zai koma intanet ya tabbata, amma ribar ta tafi hannun waɗanda ke da abin da jama'a ke son kallo.