Octavia Butler: tsakanin alƙawarin taurari da labarin masu shan jini

Akwai bashin da ba a rubuta shi a takarda, amma masu binsa sun fi kowa naci: bashin da masu karatu ke bin marubucin da ya ce musu labari bai ƙare ba. Irin wannan bashi ne ya hau kan Octavia Butler, baƙar fata ƴar ƙasar Amurka, wadda aka haifa a Pasadena ta jihar Kaliforniya a shekara ta 1947, ta kuma shahara wajen ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi, fagen da Umaru Dembo ya shiga da harshen Hausa cikin Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Shekarunta na ƙarshe ta yi su ne tsakanin labari biyu, ta ɗauki ɗaya ta ajiye ɗaya. Ga mai son littattafanta abin da ciwo, amma in aka auna da idon basira, gaskiya tana wajenta.

Labarin da ta ajiye shi ne wanda duniya ke jira. A 1993 ta fitar da Parable of the Sower, wato misalin mai shuka, inda ta kai mai karatu Kaliforniyar shekara ta 2024: fari ya yi tsanani, ruwa ya fi man fetur tsada, ƴan sanda ba su motsi sai an biya su, wata yarinya mai suna Lauren Olamina kuwa ta tsere daga unguwarsu da aka ƙone, ta tara mabiya bisa aƙidar cewa makomar ɗan Adam tana cikin taurari. A 1998 Parable of the Talents ya biyo baya, da shugaban ƙasa mai mulkin danniya da sunan addini. Littafin ya ƙare ne da tashin jirgin farko zuwa wata duniya. Saura na ukku, Parable of the Trickster, misalin mai wayo irin na Gizo, wanda zai faɗi abin da matafiyan suka tarar.

Takardun da ta bari, waɗanda ke ajiye a ɗakin karatu na Huntington, sun nuna irin gumin da ta yi. Ta soma littafin sau da dama, kowane karo yana cijewa bayan ƴan shafuka. Matafiyan sun sauka a wata duniya marar launi, marar daɗin zama, kewar gida na cin su. A wani zubin annobar makanta ce ta faɗa musu, a wani kuma gane-gane da taɓin hankali. Ga kuma hawan jini da magungunansa, waɗanda ita da bakinta ta ce suna kashe mata kuzarin rubutu.

Sai dai rashin lafiya kaɗai bai isa ya bayyana wannan cijewa ba, tun da da wannan jikin ne ta rubuta wani littafin har ƙarshe. Matsalar tana cikin labarin kansa. Bayyana yadda ƙasa ke rugujewa abu ne da marubuci zai iya yi in ya buɗe ido ya dubi zamaninsa. Bayyana abin da za a gina bayan rugujewar shi ne jidali, kuma duk al'ummar da ta taɓa kawar da azzalumi ta san cewa wahalar gaske washegari take somawa. Butler ta daɗe tana cewa ɗan Adam na ɗauke da hali biyu masu karo da juna, kaifin basira da son fifiko a kan ɗan'uwansa. Jirgin nan da ya tashi ma, sunan Kiristofa Kolombus ta sa aka laƙaba masa, alhali Lauren ba ta so ba, kuma wanda ya san abin da zuwan Kolombus a 1492 ya jawo wa mutanen da ya tarar ya fahimci nufinta. Ke nan in ta ba matafiyan aljanna ta yi ƙarya, in ta ba su wuta ta maimaita kanta. Hali zanen dutse ne, sauyin duniya ba ya kankare shi.

Labari na biyu, Fledgling, wanda ya fito a 2005, na masu shan jinin mutane ne, irin tatsuniyar da Turawa suka daɗe suna yi. A nan ne masu suka ke cewa giwa ta koma kiwon kaji: matar da ta zamo ta farko cikin marubutan labaran kimiyya da ta samu kyautar MacArthur a 1995, ta bar makomar duniya ta koma ga dodanni. Wannan hukunci na wanda ya tsaya ga bango ne. Tauraruwar littafin, Shori, ta farka ba ta tuna komai ba, an hallaka danginta. Baƙar fatarta, wadda aka samar ta hanyar gauraya jininta da na ɗan Adam, ita ke ba ta ikon jure hasken rana, ita ce kuma dalilin da ya sa wasu manyan gidajen jinsinta ke neman ranta. Mutanen da take shan jininsu suna samun lafiya da tsawon rai, amma ba su iya rabuwa da ita. Shin wannan ƙauna ce ko bauta? Tambayar da Butler ta kasa kaiwa taurari ke nan, ta yadda mai ƙarfi da marar ƙarfi za su zauna tare ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Littafin kuwa bai ƙare da yaƙi ba, ya ƙare ne a zauren shari'a, gaban majalisar dattawa.

Gaskiya ne an yi hasara. Tun da Parable of the Sower ya shiga jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times a 2020, jama'a suka ɗauki Butler tamkar mai duba, suna son jin ƙarshen abin da ta hango. Amma marubuci ba boka ba ne, kuma littafin da aka rubuta don biyan bashi kawai, da wuya ya yi rai. Ma'aunin zaɓe tsakanin labari biyu ba girman jigo ba ne, ba kuma yawan masu jira ba. Ma'aunin shi ne wane ne cikinsu mutanensa ke motsi in an ɗora alƙalami. Shekaru bakwai suka shige tsakanin 1998 da 2005, matafiyan ba su motsa ba, Shori kuwa ta tashi da ƙafarta.

Butler ta rasu ranar 24 ga Fabrairu 2006, tana da shekara 58, ƴan watanni bayan fitar Fledgling. Da ta nace wa littafin da ake jira, da wataƙila masu karatu sun tashi a tutar babu, ba na taurari, ba na Shori. A 2021 hukumar NASA ta sa sunanta ga wurin da na'urarta Perseverance ta sauka a duniyar Mars. Matafiyanta dai har yau suna hanya, kuma amsar abin da za su gina ta rage ga masu rai.