Sharhi: Tallafin Ɗaliban Kwalejin Ilimi Yana Nan, Saura Labarinsa Ya Isa Karkara

Duk wanda ya saba shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, a daidai lokacin da manyan makarantu ke shirin buɗewa, ya san irin hada-hadar da ake yi. Ga iyaye suna cinikin katifa da bokiti da tukunya, ga samari da 'yan mata sun yi layi a shagunan kwamfuta na kewayen titin Ahmadu Bello domin buga takardu da cike fom, ga kuma manoman da suka kawo masara ko doya ko citta gefen Bakin Dogo, suka sayar a farashin da bai yi musu daɗi ba, saboda ranar rufe rajista ta matso. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah 'ya'yansu suna karatun malanta ne a kwalejin ilimi, kuma abin takaici shi ne wani kan karyar da amfanin gonarsa domin biyan kuɗin da akwai hanyar samunsa, amma labarin hanyar bai kai gare shi ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A kan wannan ne za mu yi tsokaci a yau.

Kafin mu shiga batun kuɗi, yana da kyau mu tuna dalilin da ya sa lamarin ɗalibin kwalejin ilimi ya shafi kowane ƙauye. Bisa tsarin ilimi na ƙasa, takardar shaidar malanta ta NCE ita ce mafi ƙarancin abin da ake buƙata kafin mutum ya koyar a makarantar firamare, tun bayan da aka daina dogaro da tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu. Karatun shekara uku ne, kuma hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, wato NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara manhajarsa. Jihar Kaduna ta daɗe a wannan fage. A Zariya aka buɗe babbar kwalejin horar da malamai a 1962, wadda ta zama Kwalejin Ilimi ta Tarayya, yanzu kuma an ɗaga ta zuwa jami'ar ilimi. A 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai ɗaya, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda hedikwatarta ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, kuma tana ba da damar yin NCE ta karatu daga nesa ga wanda ba zai iya barin aikinsa ba. Sai kuma kwalejin jiha, wadda ta samo asali a Kafanchan a 1977, a yau take Gidan Waya cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a.

Idan ba a manta ba, a shekarar 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarabawar gwaji, aka bayyana cewa 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, lamarin da ya jawo sallama da yajin aiki da muhawara mai zafi tsakanin gwamnati da ƙungiyar malamai. Kowa yana da ra'ayinsa game da yadda aka bi da wannan al'amari, amma akwai darasi guda da babu jayayya a kansa: malamin kirki ba a ranar ɗaukar aiki ake yin sa ba, a kwaleji ake yin sa. Haka kuma duk wani sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya san cewa malamin da aka turo daga birni zuwa ƙauye mai nisa, ba ya rufe shekara sai ya fara neman canjin wurin aiki. Wanda ke zama shi ne ɗan garin. Saboda haka duk yaron karkara da ya bar kwaleji a aji biyu don rashin kuɗin rajista, ba gidansu kaɗai ya yi asara ba, makarantar firamaren garinsu ma ta rasa malamin da zai zauna mata.

To, wane tallafi ne ke akwai? Na farko shi ne rangwamen kuɗin makaranta. A 2021 an ƙara kuɗin karatu a manyan makarantun jiha, har na kwalejin Gidan Waya ya kai Naira 75,000, abin da ya sa ɗalibai suka yi zanga-zanga. A watan Agustan 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, Gwamna Uba Sani ya ba da sanarwar rage kuɗin, inda na Gidan Waya ya koma Naira 37,500, wato rabi cif. Wannan adadi shi ne na sanarwar 2023, don haka ya wajaba uba ya sa ɗansa ya kawo masa takardar kuɗin zangon da ake ciki daga ofishin ma'ajin kwaleji, kada ya dogara da abin da ya ji a bakin mutane.

Na biyu shi ne bashin karatu na Gwamnatin Tarayya. An fara sa hannu a kan dokarsa a watan Yunin 2023, amma sharuɗɗanta sun yi tsauri: sai an kawo masu tsaya wa ɗalibi, kuma sai samun iyalinsa bai wuce Naira 500,000 a shekara ba. A watan Afrilun 2024 aka sauya dokar, aka cire waɗannan sharuɗɗa biyu, sannan a watan Mayu na wannan shekara asusun NELFUND ya buɗe shafinsa na karɓar buƙatu. Tsarin kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura shi kai-tsaye asusun makarantar, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Kuɗin guzuri kuwa, wanda aka fara da Naira 20,000 a wata, yana shiga asusun ɗalibi na banki idan ya nema. Ɗaliban kwalejojin ilimi na gwamnati, na tarayya da na jihohi, suna cikin waɗanda dokar ta shafa. Wani abin da ya kamata malamai da limamai da fastoci su sani, domin su ake tambaya, shi ne bashin ba shi da kuɗin ruwa. Abin da aka karɓa shi za a mayar.

Na uku shi ne tallafin da ba a mayarwa. Hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya tana da kason ɗaliban NCE, kuma a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da ɗaga shi daga Naira 300,000 zuwa Naira 450,000 a shekara. Sai dai wannan na gasa ne, masu ƙwazo ake zaɓa, kuma gurabensa kaɗan ne. Ita ma jiha tana da hukumarta ta tallafi da bashin karatu, wadda kan buɗe ƙofa lokaci zuwa lokaci, ta bayyana sharuɗɗanta.

Tambaya a nan ita ce, idan duk waɗannan suna nan, me ya sa har yanzu ake karyar da hatsi a Bakin Dogo? Amsar tana cikin yadda ake neman tallafin. Duk ta intanet ake yi. Kafin ɗalibi ya nemi bashin NELFUND, sai yana da lambar JAMB, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN, da lambar rajistarsa ta makaranta, kuma sai makarantar ta riga ta tura sunansa ga asusun. A nan ne ɗan karkara ke tuntuɓe. Sunan da ke takardar JAMB daban, na NIN daban, na banki daban. A wani wuri an rubuta Muhammad, a wani Mohammed, a wani an sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Na'ura ba ta san uzuri ba, da ta ga saɓani sai ta tsayar da buƙatar. Haka nan ɗalibin da ya shiga makaranta ba tare da shigarsa ta bi ta hukumar JAMB ba, sai ya daidaita wannan tukuna. Gyaran ba ya gagara, amma yana cin lokaci da kuɗin mota, kuma wanda bai fara da wuri ba sai a rufe yana kan hanya.

Wannan giɓi ne 'yan damfara ke shiga. Akwai masu shagunan kwamfuta na kirki da ke karɓar ladan aikinsu kawai, amma akwai kuma masu cewa a ba su wani abu domin su sa a amince da buƙata. Muna jan kunnen iyaye cewa neman bashin kyauta ne, kuma babu wani ɗan tsakiya da ke da ikon sa a amince ko a ƙi. Kada ɗalibi ya bar mai shago ya buɗe masa rajista da lambar wayar mai shagon ko adireshinsa na imel, kuma kada ya ba kowa lambar sirrin katinsa na banki. Wanda ya riƙe lambar waya shi ke samun saƙo, wanda ke samun saƙo kuwa shi ya san ranar da kuɗi suka shigo.

Har ila yau akwai batun biya sau biyu. Sau da yawa ranar rufe rajista kan riga zuwan kuɗin asusun, sai uba ya yi rance ya biya. Idan daga baya asusun ya tura wa makaranta kuɗin, to haƙƙin ɗalibi ne a mayar masa da abin da ya biya, domin bashin yana wuyansa. A 2025 an yi ta ƙorafi a faɗin ƙasar nan cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗi ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Maganin wannan a matakin iyali mai sauƙi ne: a adana rasit, a riƙa duba shafin ɗalibi na asusun, a kuma rubuta takardar neman mayar da kuɗi a riƙe kwafi.

Gaskiya ɗaya da ba za mu ɓoye ba ita ce bashi bashi ne. Doka ta ce za a fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka tsayar a 2024, wato Naira 70,000, abin zai kama Naira 7,000 a wata. Tun da yake mai takardar NCE ba ya zuwa hidimar ƙasa da ita, ya kamata ɗalibi ya je ofishin kula da harkokin ɗalibai ya nemi bayanin lokacin da nasa biyan zai fara kafin ya sa hannu. Matambayi ba ya ɓata. Haka kuma wanda iyayensa za su iya ɗaukar abincinsa, ba dole ne ya ci bashin guzuri ba. A lissafin sanarwar 2023, kuɗin makaranta na shekara uku a Gidan Waya Naira 112,500 ne, alhali guzurin wata shida kacal ya kai Naira 120,000. Nauyin bashin yana wajen guzuri, don haka a nan ake buƙatar shawarar manya.

Wajibi ne kuma mu koyi rarrabe sanarwa da ƙofar da aka buɗe. A bikin ranar malamai ta duniya na 2021, Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin ba ɗaliban NCE alawus na Naira 50,000 a kowane zango. Labarin ya bazu ko'ina, wasu iyaye suka sa rai, amma alƙawarin ya daɗe bai zama aiki ba. Irin wannan ne ke sa mutumin karkara ya daina yarda, har idan abin gaskiya ya zo ya ce tatsuniya ce. Jami'in da zai kai labari ƙauye ya tabbata yana riƙe da abu uku: ranar buɗewa, ranar rufewa, da takardun da ake nema. Idan babu su, to labarin bai nuna ba tukuna.

Akwai kuma wani sauyi da ya kamata iyaye su sani. Dokar kwalejojin ilimi na tarayya ta 2023 ta ba su damar ba da digiri tare da NCE, sannan dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki. A 2025 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne, na jami'a kuwa 150. Yaron da bai samu jami'a ba, babu dalilin da zai sa ya zauna gida shekara biyu ko uku yana maimaita jarabawa alhali ga hanya a buɗe, kuma mai NCE yana iya ci gaba zuwa digiri ba tare da ya koma aji ɗaya ba.

Abin da ya rage shi ne isar da saƙo, kuma wannan aikinmu ne mu ma'aikata. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. Da kowane kansila zai sa a rubuta sunayen 'yan mazaɓarsa da ke kwalejin ilimi, a duba ko takardunsu sun dace da juna, da an rage rabin matsalar tun kafin a buɗe shafi. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilimi su ware tebur guda da kwamfuta guda a sakatariya domin taimaka wa ɗalibai kyauta. Muna kira ga hukumomin kwaleji su riƙa fitar da sanarwarsu da Hausa da sauran harsunan jiha, a karanta a gidajen rediyon jiha da na tarayya da ke Kaduna, domin allon sanarwa na harabar makaranta ɗalibi kaɗai ke ganinsa, alhali mai biyan kuɗin yana gona da rediyonsa. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela, a kuma faɗa a masallatai da majami'u.

Su ma shugabannin Babbar Kasuwa da na tashoshin mota suna da rawar takawa. Babu ranar da motoci ba sa tashi daga Kaduna zuwa Kachiya da Zonkwa da Kafanchan, ko Birnin Gwari da Giwa da Saminaka. Farashin masara kan isa waɗannan garuruwa cikin yini guda ba tare da an buga takarda ba. Idan aka liƙa sanarwar tallafin karatu a ƙofofin kasuwa da ofisoshin ƙungiyoyi, aka sanar da ita a lasifika, ita ma haka za ta isa.

Daga ƙarshe muna tunatar da ɗaliban kansu cewa duk wannan ɗawainiya domin aji ake yin ta. Wanda aka tallafa wa ya tsaya ya yi karatu, ya ɗauki zangon koyon aikin koyarwa da muhimmanci, ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN idan ya gama, sannan ya tuna da makarantar da ta koya masa baƙi da wasali. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma ba jiharmu zaman lafiya da malamai nagari.