Abin da Mutanen Filifin Ke Yi da Rogonsu

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Filifin, can kudu maso gabashin Asiya, akwai wani abin marmari da ake kira pici-pici. Da rogo ake yinsa, irin wanda muke tonowa mu kai kasuwa muna roƙon masu saye.

Ga yadda suke yi. A fere rogo, a wanke, a gurza ya yi laushi. A haɗa da ruwa da sukari da ruwan toka kaɗan, da ruwan wani ganye mai ƙanshi da suke kira pandan. Sa'an nan a zuba cikin ƙananan kofuna, a turara kamar yadda matanmu ke turara alale, har farin ya ɓace, ya yi danƙo. In ya huce, a mirgina shi cikin gurzajjiyar kwakwa. An fi danganta shi da lardin Kezon, inda mutanen garin Lukban suke bikin godiya saboda girbi ran 15 ga Mayu kowace shekara, ranar tunawa da Waliyyi Isidoro, manomi.

Rogo baƙo ne a wurinsu, kamar yadda yake a wurinmu, gama asalinsa Amurka ta Kudu. Yau babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo, amma dubi yadda muke rabuwa da namu. Kwana 2 ko 3 bayan tonowa ya fara baƙi a ciki. Dillali ya san haka sarai, shi ya sa yakan jira sai yamma ta yi kafin ya taya. Mu kuwa ba za mu koma gida da kaya ba.

A ganinmu, bai kamata ƙungiya ta sayar da rogonta duka ɗanye ba. Wani zai ce kwakwa tana da tsada a nan. Gaskiya ne, amma ba mu da riɗi da gyaɗa? Wani zai ce abin ba ya jimawa. Wannan ma gaskiya ne, don haka na ranar kasuwa ne da ranar biki, a yi da safe a sayar kafin dare. Sauran rogon a yi garin kwaki.

Sai dai a kula ƙwarai: rogo mai ɗaci yana da dafi, yana kisa. Mai zaƙi kaɗai za a gwada da shi, a matse ruwansa a zubar, a turara ya nuna sosai.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta ba zumuntar mata kwando guda a gwada. Ma'aji ya rubuta kuɗin sukari da na itace da abin da aka samu, a karanta a taro mai zuwa.