Wa Zai Duba Jingar Ɗalibai Ɗari Shida?

Wani aminina da ke koyar da ilimin sinadarai ga ɗaliban shekarar farko a jami'a ya taɓa yi mini wani lissafi da har yau bai fita raina ba. Ya ce in ɗauka ajinsa na da mutum 600, ya ba kowa jinga, kuma kowace takarda ta ci masa minti biyar kafin ya gama duba ta. Minti 3,000 ke nan, wato awa 50, a kan jinga guda. To, wane malami ne ke da rarar awa 50 a mako? Shi ya sa ake ba da jinga sau ɗaya ko sau biyu a zangon karatu, takardun kuma ba sa komawa hannun masu su sai bayan jarrabawa, in ma sun koma. Ɗalibi ya yi kuskure a watan farko, bai sani ba, ya shiga ɗakin jarrabawa da shi.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Tun 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da ta daɗe tana yaye ɗalibai. Duk yaron da zai karanci kimiyya ko injiniyanci sai ya bi ta ƙofar kwas irin CHM 101, kuma a nan ake cunkoso. Sabuwar jami'a na da wata dama da tsofaffin suka rasa: za ta iya tsara yadda za ta riƙa duba aikin ɗalibanta tun kafin azuzuwa su cika su batse.

A jami'o'in Amurka an daɗe da miƙa wannan aiki ga manhajoji irin su Mastering Chemistry na kamfanin Pearson da ALEKS na McGraw Hill. Ɗalibi ya shiga shafi, a ba shi tambaya, ya rubuta amsa, nan take a faɗa masa ko ya dace. Ana iya canza alƙaluman tambayar daga mutum zuwa mutum, don haka kwafar amsar maƙwabci ba ta da amfani. Bari in ba da misali. Ledar ƙarin ruwa ta ruwan gishiri da ake ɗaura wa majinyaci a asibiti tana ɗauke da giram 9 na gishiri a kowace lita. A tambayi ɗalibi giram nawa ake bukata a mililita 500. Amsa ita ce 4.5. Wanda ya manta bai mayar da mililita zuwa lita ba zai rubuta 4,500, wato kilo huɗu da rabi na gishiri a cikin ruwan da bai fi leda ɗaya ta fiyawata ba. Manhajar da aka tsara da kyau za ta gane irin wannan tuntuɓe, ta ce masa ya koma ya duba ma'auninsa, ta sake ba shi wata tambayar da wasu alƙaluma. Gyaran da zai jira wata uku ya same shi cikin daƙiƙa.

Waɗancan manhajoji da dala ake biyan su, kuma ɗalibi ne ke biya, don haka mu ajiye su gefe. Akwai Moodle, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2002, kuma tana da irin tambayoyin da ke sauya alƙaluma da kansu. Masu girka ta ma ba sai an je Legas nemansu ba, tunda Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Jihar Jigawa tana nan Kazaure. Aikin da ke da nauyi shi ne rubuta tambayoyin da bayanin kowane kuskure, wanda malaman makarantun yankin za su iya haɗa hannu su yi sau ɗaya, kowa ya amfana. Ban ga laifi ba ma idan bayanin kuskuren ya zo da Turanci da Hausa.

Inda nake da damuwa shi ne wurin da za a yi jingar. Mafi sauƙi ga hukumar makaranta shi ne ta ce kowa ya yi a wayarsa, a rufe shafi ƙarfe goma sha biyun daren Lahadi. Amma ɗalibin da ya koma ƙauyensu a Roni ko Gwiwa ƙarshen mako don taya mahaifinsa girbi fa? Sabis na zuwa yana tafiya, cajin waya sai an kai shago, data kuma daga kuɗin abincinsa zai cire. Ga ɗalibar da wayar yayanta take ara. Ga wahalar rubuta ƙananan lambobin da ke ƙasan alamomin sinadarai a fuskar waya mai tsagewa. Idan aka ɗora maki mai yawa a kan wannan, abin da za a auna shi ne ƙarfin sabis ɗin garinku da nauyin aljihun mahaifinku, sinadarai kuwa su koma gefe. Ana iya girka Moodle a kan kwamfuta guda a cikin makaranta, sauran kwamfutoci su haɗu da ita ba tare da intanet ba. Ɗaki ɗaya mai sola, buɗe daga safe zuwa isha'i, da wa'adin mako guda cif, ya isa a fara. Yaranmu ba baƙin kwamfuta ba ne kamar da. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kanta ake yi.

Sai batun satar amsa. Sauya alƙaluma yana hana kwafa daga aboki, amma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, yaro na iya ɗaukar tambayar ya ba na'ura, ya dawo da amsa ya ba wata na'urar, shi kuwa bai wuce ɗan aike ba. Manhaja kuma amsar ƙarshe kawai take gani, ba ta ganin hanyar da aka bi. Don haka ra'ayina shi ne kada makin jingar intanet ya wuce biyar ko goma cikin ɗari, a bar ɗalibi ya yi ta maimaitawa har ya iya. Bayan kowane mako biyu ko uku a yi gajeren gwaji na minti goma a aji, da biro da takarda, daga irin tambayoyin nan. Wanda ya yi da kansa zai wuce, wanda ya aika na'ura zai gane wa ya cuta.

Da na kai wa aminin nawa wannan shawara, ya ce gwajin takardar ma ai duba shi za a yi. Gaskiyarsa, amma tambaya ɗaya ce maimakon goma, kuma ƙananan malamai za su iya taimakawa. Abin da ya fi jan hankalinsa wani abu ne daban: manhajar na nuna wa malami tambayar da ta kayar da mafi yawan aji. Ya ce da zai san haka kowace safiyar Litinin, da ya daina bin littafi babi-babi, ya fara lacca daga inda yaran suka faɗi.