Sukuwa a Faransa, caca a Nijar

Ranar 7 ga watan Nuwamba 2024 babu dokin da ya yi tsere a filayen sukuwar Faransa. Masu dawaki da mahaya da ƴan barga sun rufe filaye, suka fito zanga-zanga a titunan Paris, saboda shirin ƙara haraji a kan cacar dawaki. Bayan wata goma, ranar 10 ga Satumba 2025, takwarorinsu na Ingila suka soke tseren ranar baki ɗaya a kan dalili irin wannan. Mai karatu zai ce: caca aka so a ɗora wa haraji, mi ya kai masu doki yajin aiki? Dalili shi ne a waɗannan ƙasashe abincin doki daga aljihun ɗan caca yake fitowa. Zancen kuwa ya shafe mu, tunda a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa mutane suna zuba kuɗinsu kullum a kan dawakin Faransa.

Auren da ke tsakanin sukuwa da caca doka ce ta ɗaura shi. A ranar 2 ga Yuni 1891 Faransa ta kafa dokar da ta ce ba a yarda da tseren dawaki ba sai wanda manufarsa inganta irin doki, kuma sai ƙungiyoyin da ministan noma ya amince da su ne za su shirya shi. Dokar ta kori dillalan caca masu zaman kansu, ta bar tsari guda, wanda wani mai suna Joseph Oller ya ƙirƙiro: a tara kuɗin dukan masu zubi wuri ɗaya, mai shirya wasa ya cire kasonsa tun farko, sauran a raba wa waɗanda suka dace. A 1930 aka ba da izinin karɓar zubi a cikin gari, nesa da filin sukuwa, daga nan kamfanin PMU ya samo asali. A 1954 André Carrus ya fito da tiyarse, wato canke dawaki uku na gaba. Karte mai dawaki huɗu ya biyo a 1976, kente mai biyar a 1989.

Abin lura shi ne PMU ta Faransa mallakar ƙungiyoyin sukuwa ce, kuma ribarta gare su take komawa. A shekara ta 2023 an zuba mata wajen yuro miliyar 10, wato fiye da miliyar 6.500 na kuɗin Sefa, kimanin ninki biyu na kasafin kuɗin ƙasarmu na 2025. Kusan kashi uku cikin huɗu ya koma hannun masu zubi, gomnati ta ɗauki harajinta, sama da yuro miliyan 800 kuma suka tafi ga harkar doki: ladan tsere, tallafin masu kiwo, da kula da filayen sukuwa fiye da 200. A Ingila ma tun 1961 akwai hukumar da ke karɓar kaso daga kamfanonin caca don sukuwa, kuma tun 2017 kason ya tsaya a kan 10 cikin 100 na ribar da suke samu a kan tseren ƙasar. Ko mutum ya ƙi caca, ya san hujjar da Turawa suke kafawa: ɗan caca ya yi asara, amma dokin ƙasarsu ya ƙoshi.

Mu kuwa rabin tsarin muka ɗauko. Kamfanin cacar gomnati, LONANI, shi ke saida tikitin PMU a rumfunan da ke bakin kasuwanni da tashoshin mota da ƙofar ma'aikatu. Dawakin da ake cankawa suna gudu ne a Vincennes da Longchamp da Auteuil. Ma'aikaci zai ɓata rabin safiya yana nazarin takardar tsere, ya san sunan mahayi da nauyin da doki zai ɗauka, alhali bai taɓa ganin ko kofaton dabbar ba. Sojojin Faransa sun bar ƙasar nan a watan Disamba 2023, dawakinta kuwa ba su rasa abokan ciniki ba.

Ga ƴan kasuwa, waɗanda lissafi ne sana'arsu, ga lissafi. Idan dawaki 16 suka fito, hanyoyin da biyar na gaba za su iya jeruwa 524.160 ne. Ko a tiyarse, hanyoyin 3.360 ne. Sanin dawaki yana rage wannan tazara, amma ba ya taɓa kason da mai shirya wasa ya riga ya cire. Duk wanda ya ci, kuɗin maƙwabcinsa ya ci, bayan kamfani ya ɗebi nasa. Mai rumfa ba ya asara ko wane doki ya zo na farko. Ana buga sunan unguwar wanda ya ci miliyoyi, ana kiɗa. Dubban da suka zuba dala arba'in ko jika guda suka koma gida hannu wofi ba mai ƙirga su. Cikinsu akwai ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, da ɗan tireda da ya fara taɓa uwar kuɗi yana cewa gobe zai fanshe.

A gefe guda ga dokinmu. Ƙasar nan ba baƙuwar doki ba ce. Wanda ya ga hawan salla a Damagaram, ko dawakin Sarkin Katsinan Maraɗi da na Sarkin Gobir a Tsibiri, ko mahayan Doso da lifidinsu, ko ya halarci filin sukuwar Yamai ranar gasa, ya san haka. Amma riƙon doki nauyi ne da mai shi ke ɗauka shi kaɗai: dawa, dusa, kanwa, harawar da ke tsada da zarar bazara ta shigo, magani, da haƙƙin yaron barga. Bayan doki kuma akwai baduku mai sirdi, da maƙerin linzami da likkafa, da manomin da ke saida harawa. Mahayi in ya faɗi ya karye, sai abin da mai doki ya ji tausayi ya ba shi. Ana cin kuɗi da sunan doki a kowace unguwa, mai dokin gaske yana fama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mun san akwai masu cewa maganin abin shi ne a rufe rumfunan gaba ɗaya, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Alƙur'ani ya haɗa caca da giya wuri ɗaya cikin Suratul Ma'ida ya hana su, alhali malamai sun halatta tseren dawaki da kyautar da wani na gefe ya sa wa wanda ya zo na farko. Wato addini ya daɗe da raba sukuwa da caca. Sai dai gomnatocin da suka wuce, na farar hula da na soja, babu wadda ta yarda ta saki wannan kuɗi. Muddin kuwa hukuma ce da kanta ke riƙe da akwatin, wajibi ne ta amsa tambaya.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. Ma'aikatar kuɗi ta buga wa jama'a, kowace shekara, nawa aka zuba a PMU, nawa aka mayar wa masu zubi, nawa ya shiga baitulmali, nawa aka biya abokan hulɗa na waje. Sa'an nan a yanke wani kaso sananne, a rubuce cikin doka, wanda zai tafi ga gyaran filayen sukuwa na jihohi, da likitocin dabbobi, da kula da mahayan da suka ji rauni. Kyautar da wani darekta zai bayar ranar biki in ya ga dama ba ta maye gurbin doka. Misali yana nan kusa cikin Afirka: tun 2003 Maroko ta kafa kamfanin SOREC a ƙarƙashin ma'aikatar noma, ta haɗa masa cacar dawaki da filayen tsere da gidajen kiwo na ƙasa, don kuɗin ya komo wa dokin gida. A kuma tsananta hana yara kusantar rumfunan, tare da daina tallar da ke nuna caca tamkar sana'a.

Akwai iyakar da bai kamata a ƙetare ba. Kada a ce don a taimaki dokinmu sai an kafa rumfar caca a bakin filayenmu. Yajin aikin Faransa da na Ingila ya nuna halin wanda ya jingina rayuwarsa ga ɗan caca: tun da Faransa ta buɗe caca ta intanet a 2010, matasa suka karkata ga ƙwallon ƙafa a wayar salula, masu dawaki ke kwana da fargaba, ƙaramin haraji ma yana girgiza su. Inda kuɗin zubi ya yi yawa kuma, nan ake samun mahayin da aka saya da dokin da aka ɗura wa ƙwaya. Ladan tserenmu ya ci gaba da fitowa daga sarakuna da attajirai da kamfanoni, a fili, kowa na gani.

Ga fili ga mai doki. Hukumomi su buɗe littattafan LONANI, masu dawaki su haɗa kai su nemi haƙƙinsu da murya ɗaya, ma'aikaci da ɗan kasuwa kuma su tuna da lissafin 524.160 kafin su miƙa kuɗin cefane ta tagar rumfa.