Haƙƙin Tsohon Soja Ba Ya Faɗuwa: Darasi Daga Ƙasar Ingila

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba wata tambaya, wato shin gwamnati tana da ikon ta ci moriyar soja, sa'an nan ta hana shi ladan aikinsa saboda abin da ya shafi zamansa na gida? Misalin da za mu ɗauka shi ne na 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da masu neman maza da mata duka, waɗanda suka yi aikin soja a Ingila.

A shekarar 1967 aka yi dokar da ta daina hukunta luwaɗi tsakanin manya a Ingila, amma ba ta haɗa da sojoji ba. Duk wanda aka gano, ko aka zarga, sai a bincike shi, a tone masa wasiƙu, a sallame shi, wani ma har a ɗaure shi. Alhali kuwa bisa tsarin fansho na 1975, ƙaramin soja sai ya cika shekara 22 yana aiki kafin ya fara karɓar fansho da zarar ya tuɓe kaki. Ashe ke nan wanda aka kora yana da shekara 18 a bakin aiki an yi masa sakiyar da ba ruwa. Irin abin da ya sami Joe Ousalice ke nan, sojan ruwan da ya halarci yaƙin Falklands na 1982. A 1993 aka sallame shi, aka karɓe lambar girmansa, ba a mayar masa da ita ba sai a 2020.

Gyara bai zo da son ran gwamnati ba. Sai da wasu mutum huɗu da aka kora suka kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, ta ba su gaskiya a watan Satumba na 1999, sa'an nan aka ɗage hanin ran 12 ga Janairu, 2000. Daga Disambar 2005 doka ta ba irin waɗannan mutane damar yin rajistar zamansu, abin da ya buɗe wa abokan zaman sojoji ƙofar samun gidan bariki da fanshon wanda ya rasu. To, amma waɗanda aka riga aka kora fa? Su kam sai a Yulin 2023, bayan rahoton Lord Etherton, Firayim Minista Rishi Sunak ya nemi gafararsu a majalisa. A Disambar 2024 kuma aka ware fam miliyan 75 don biyan diyya, inda mutum ɗaya zai iya samun har fam 70,000.

Na san da yawa daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su ce addini da al'adarmu ba su yarda da wannan ɗabi'a ba. Haka ne, amma maganar da ke gabanmu ta bashi ce. Ran da aka tura soja fagen fama, harsashi bai tambaye shi da wa yake zaune ba, gwamnati ma ba ta ƙi amfani da ƙarfinsa ba. Fansho kuwa wani yanki ne na ladan aiki da aka ajiye wa ma'aikaci don ranar tsufa. Mai gona da ya sa ɗan ƙodago noma tun safe har la'asar, ba shi da hujjar riƙe masa kuɗi don ya ji labarin halinsa a kasuwa. Idan aka yarda hukuma ta soke haƙƙin ma'aikaci bisa dalilin da bai taɓa aikinsa ba, gobe wani dalilin za ta nemo, kan wani kuma zai faɗa.

Daga ƙarshe, abin takaici shi ne jinkiri. Shekara 23 aka yi tsakanin ɗage hani da neman gafara, kuma cikin wannan tsakani wasu sun riga mu gidan gaskiya ba su ji ba, ba su karɓa ba. Ga waɗannan, abin ya zama ihu bayan hari. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma ƙasar da ta rantsar da soja ta ɗauki kayan nan a kanta. Kamata ya yi ta sauke shi tun mai haƙƙi yana da rai.