Ubuntu, Mint ko Debian: kada mu jefar da tsoffin kwamfutocinmu

Ƴan uwa matasa, yau maganar kwamfuta na zo da ita, kuma ta shafi aljihunmu.

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro da ya saba bayarwa kyauta. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsoffin injuna da yawa ba su da shi. To mu da galibinmu kwamfutar hannu-biyu muke saye, ina muka dosa? Mu zauna da manhaja marar kariya, ko mu ci bashi mu sayi sabuwa?

Akwai hanya ta uku, sunanta Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kuma kowa na da izinin ɗauka, ya gyara, ya raba. Ko Android ɗin da ke cikin wayarka a kan tushenta aka gina shi. Matsalar ita ce Linux iri-iri ce, har mai farawa ya rasa wadda zai kama. Ga abin da na gani bayan na gwada huɗu.

Ubuntu ta fi suna. Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da ita a 2004. Duk shekara biyu, a watan Afrilu, ana sakin wadda za a kula da ita shekara biyar. Amfanin sunanta shi ne in ka maƙale, da wuya ka rasa amsa a intanet, har da Faransanci. Amma tana da nauyi: fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6. Wanda ke ƙirga megansa ya san abin da nake nufi.

Linux Mint, wadda Bafaranshe Clément Lefèbvre ya fara a 2006, a kan Ubuntu aka gina ta, amma fuskarta ta yi kama da abin da muka saba: maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Nauyinta wajen giga 3 ne. Ita na saka wa ƙanwata a tsohuwar kwamfutarta lokacin da take rubuta memuwar ɗinta. Ta tambaye ni abu biyu a ranar farko, daga nan ba ta sake kirana ba.

Debian ita ce kakarsu, tun 1993. Ba ta da mai gida ɗaya, ƴan sa-kai ne ke riƙe da ita, kuma ba ta gaggawa. Tana da ƙarko ƙwarai, sai dai ta fi dacewa da wanda hannunsa ya ɗan faɗa. Fedora kuwa mai son sabon yayi ce: kusan duk wata shida sabuwa ta fito, tsohuwar kuma ana barin ta bayan wata 13 ko makamancin haka. Da tsadar intanet da ɗauke wutar da muke fama da su, ban ba mai farawa shawararta ba.

Kada kuma jerin DistroWatch ya ruɗe ku. Shafin yana ƙirga masu leƙa bayanin kowace manhaja ne, ba masu aiki da ita ba. Farin jini daban, sauƙin aiki daban.

Matsayina a fili yake. Mai farawa ya ɗauki Mint. In injin ya tsufa sosai, ya nemi Mint mai fuskar Xfce, ko Lubuntu. Mai son koyon sana'ar ya bi Ubuntu, daga baya ya ƙarasa Debian.

Ba zan ɓoye muku laifinta ba. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, amma wani lokaci tsarin shafi kan goce. Photoshop ba shi da na Linux. Wasu injunan buga takarda sai an sha fama da su. Shi ya sa nake cewa a gwada tukuna: ana iya tada Mint daga kile USB, a duba wifi da sauti, ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Kafin a saka ta gaba ɗaya kuma, a kwashe takardu a ajiye wani wuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutum ɗaya ya sauke, goma su saka, kuma halak ne, ba sata ba. Kowace fada a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai za ta iya ajiye kile ɗaya. Kafin shayi na uku ya nuna, an farfaɗo da kwamfutar da aka ce ta mutu.

Wa ke da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado? Ya fito da ita wannan makon, mu gwada.